Hausawa a Shafi Guda: Sharhi a Kan Littafin Ashanti to Zulu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan zance kuwa ya fi tabbata ga yaro, domin yakan karanta hoto tun kafin ya iya haɗa baƙi, abin da ya gani kuma shi ke zauna masa a zuci har girma. Saboda haka ne na ga ya kyautu in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ɗan sharhi a kan wani littafin yara mai hotuna da aka wallafa a Amurka, wanda mu Hausawa muke ciki.

Littafin da Tsarinsa

Sunan littafin Ashanti to Zulu, watau daga Asante zuwa Zulu. Wata baƙar fatar Amurka, Margaret Musgrove, ita ta rubuta shi, Leo Dillon da matarsa Diane suka zana hotunan, aka buga shi a 1976. A wannan zamani baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, sun tashi haiƙan wajen neman asalinsu, kuma a shekarar ce Alex Haley ya fitar da littafinsa Roots. A 1977 littafin ya ci lambar Caldecott, wadda ake bai wa gwanin zanen littafin yara kowace shekara a can. A 1976 ma su Dillon ne suka ci ta, Leo kuwa shi ne baƙin mutum na farko da ya same ta.

An bi abacadar Turanci ne, haruffa 26, kowane harafi ƙabila guda, shafi guda, al'ada guda. Da aka zo kan H sai aka kawo Hausawa, aka yi bayanin kiran salla sau biyar a yini.

Inda Ya Ciri Tuta

Yabon gwani ya zama dole. Mazanan ba su nuna Afirka a matsayin ƙungurmin daji ba. A yawancin hotunan akwai namiji da mace da yaro da muhalli da kayan aiki da dabbar yankin, mutanen kuma cikin kamala da mutunci. Har ila yau, adon da ke kusurwoyin kowane hoto daga wurinmu aka aro shi. Sun kira shi ƙullin Kano, mu kuwa dagi muka san shi, wanda muke gani a bangon soro da gaban babbar riga.

Inda Ya Gaza

Amma fa tsarin abacada ya zame wa littafin tarnaƙi. Salla ginshiƙi ce a rayuwar Bahaushe, babu musu, sai dai ba ita ta bambanta shi da sauran Musulmin duniya ba. Yaron da ya rufe littafin bai ji labarin marina ko fatauci ko tashe ba.

Na biyu, kuma a ganina shi ya fi nauyi, an killace kowace ƙabila a shafinta kamar ba ta san maƙwabciyarta ba. Asante suna kan A, Hausawa suna kan H, babu abin da ya haɗa su. Alhali kuwa duk ɗan Bebeji ya san ba haka abin yake ba. Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja sayen goro, har sun raɗa wa Asante suna Tonawa. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake, kuma fataucin goro tsakanin ƙasar da ake kira Gana yanzu da Kano yana daga cikin tushen arzikinsa. Ashe ke nan ayari ya riga ya ɗinke A da H tun kafin a haifi marubuciyar. Littafin da aka yi don sada jikoki da asalinsu bai kamata ya manta da hanyoyin da suka sada kakannin da junansu ba.

Laifin Wa?

To, amma kada mu yi ta laifin tudu, mu hau namu mu hango na wani. Mutanen nan don 'ya'yansu suka yi, kuma sun ba mu shafi guda. Mu shafi nawa muka ba ƙannenmu? Gaskiya ne muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, amma a cikinsu rubutu ne jagora, hoto ɗan rakiya. Ni dai har na gama firamare a ƙauyenmu ban taɓa riƙe littafin Hausa da ya nuna mini ƙasarmu cikin launi ba.

Ga shi kuwa abin zanawa a ƙofar gida yake. Akwai madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974, da dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza, da zirga-zirgar matafiya a Kwanar Ɗangora ta Kiru. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu abacadar Turancin da za ta ba su shafi.

Kammalawa

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce, idan an tafi hutu kowa ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto al'ada guda, mu nemi masu zane a cikinmu, mu haɗa abacadar kanmu, wadda za ta nuna mu tare da maƙwabtanmu. In ba mu yi ba, ƙannenmu za su girma suna ganin kansu da idon baƙo, ga shi kuwa an ce baƙo ko da ido makaho ne. Allah ya ba mu ikon yi, amin.