Farin Ciko da Fitilarsa Mai Shuɗin Haske: Sai Dai Tubarkalla!

A da, haƙori in ya yi kogo hukuncinsa biyu ne: ko a tumɓuke shi, ko a toshe shi da baƙin cikon amalgam da ke leƙowa duk sa'ad da mutum ya tuntsire da dariya. To jama'a, ga wanda ya fi su, farin ciko, wanda ake daskarar da shi da 'yar fitila mai shuɗin haske! Tun da aka yi mini shi a turmina, a wani ɗakin likitan haƙori kusa da gadar Kwangila a Zariya, na zama mai shelarsa ba tare da kowa ya sa ni ba. Na duba a madubi ban ga wurin ba, na bi da harshe shi ma bai gane ba. Wallahi aiki ya yi kyau.

Cikon yakan zo da laushinsa. Likita ya cusa shi cikin kogon, ya gyara masa kwari da tudu yadda haƙorin yake a da, babu gaggawa, domin ba zai yi tauri ba sai ya ga haske. Akwai wani sinadari a cikinsa, kamfokwinon, wanda shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 ke tayarwa. Fitila ta yi 'yar ƙara, daƙiƙa ashirin, shi ke nan ya zama dutse. Robar da ke riƙe shi Rafael Bowen ne ya haɗa ta a Amurka a farkon shekarun 1960, shuɗiyar LED kuwa aikin Akasaki da Amano da Nakamura ne, 'yan Japan da suka ci kyautar Nobel a 2014. Tsohuwar fitilar halojin sai da igiyar lantarki da fanka mai huci. Ta yanzu batir gare ta, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Mutumin Zariya ya san darajar wannan.

Amma abin da ya fi sace mini zuciya ba farin ba ne, taka-tsantsan ɗin da ke bayan hasken ne. Hasken nan zafi ne. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɓargo mai rai, jijiya da hanyoyin jini, a kulle cikin bango ta ko'ina, in ya kumbura ba shi da wurin zuwa. Zafi kuma ta hanya biyu yake zuwar masa: daga fitilar, da kuma daga cikon kansa, wanda ke fitar da ɗumi yayin da yake daskarewa, kamar yadda kwaɓaɓɓen siminti ke yi. A 1965 masu bincike Zach da Cohen sun gwada a haƙoran birai, suka ga ƙarin digiri 5.5 kacal ya kashe ɓargo a kashi 15 cikin ɗari na haƙoran, ƙarin digiri 11 kuwa ya kashe kashi 60. Masana sun yi ta gardama kan ko adadin ya dace da bakin ɗan Adam, inda jini ke gudana yana kwashe zafi, amma har gobe da shi likitoci ke auna kansu.

Shi ya sa hannun gwani yake burge ni. Bai cika kogon a tashi ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan yake sawa, kaurin bai wuce milimita 2 ba, ya haska, ya ɗaga fitila, ya hura iska, ya ɗan dakata. Da fari ya shimfiɗa wani siririn magani a ƙasan ramin, domin nawa ya yi zurfi, kuma in bangon da ya rage tsakanin ciko da ɓargo ya yi siriri, zafi nan da nan yake ratsawa. Na tambaye shi dalilin tsayawar, ya ce: "Malam, allurar da na yi maka ta hana ka jin zafi, ta kuma rage jinin da ke sanyaya haƙorin. Ni ne zan ji maka." Kai! Wannan magana ta fi kuɗin da na biya. Ga kuma wuyar abin: in ya rage haske don tsoron zafi, cikon ba zai nuna ba, ya zauna ɗanye a ƙasa. Tsakanin ƙonawa da rashin nuna yake tafiya, da 'yan daƙiƙoƙi.

Masu amalgam akan ce su ɗaga wa gefen da aka cike ƙafa har kwana guda. Wannan kuwa da allura ta saki, ci abinka. Ɗan tsami in an sha ruwan sanyi a kwanakin farko ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in haƙorin ya fara zuga da kansa cikin dare, ɓargon ne ke kuka, kada a tsaya jiƙa kanumfari. A koma wurin wanda ya yi cikon, ko a hau motar Shika zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello.