Zaman Sulhu a Faskari: Wane Darasi Muke Koya wa Yaranmu?

Tun farkon 2025 zaman sulhu da 'yan bindiga ya zama ruwan dare a Jihar Katsina. Jibiya ta fara, Batsari da Safana da Ɗanmusa suka biyo, har a watan Satumba aka zauna a Hayin Gada da ke Faskari. Manomin Ruwan Godiya da ya daɗe bai taka gonarsa ta nesa ba, ko bai bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara da kwanciyar hankali ba, babu mai ganin laifinsa idan ya yi murna. Ni ma ina goyon bayan a zauna a yi magana. Damuwata ita ce abin da yanayin zaman yake cusa wa jama'a.

A ilimin hulɗar ƙasashe akwai mazhabar da ke cewa gaba da aminci mutane ne ke gina su ta hanyar mu'amala, ba haka aka same su ba. Nicholas Onuf ya raɗa mata suna a 1989, Alexander Wendt ya yayata ta a 1992. Wendt ya ba da misali cewa makaman nukiliya ɗari biyar a hannun Birtaniya ba sa tayar wa Amurka hankali kamar guda biyar a hannun Koriya ta Arewa, domin yadda kake kallon mai makami shi ke ba makamin ma'ana. Mun ga haka da idonmu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. ECOWAS ta yi barazanar kai sojoji, tana riƙe da yarjejeniyarta ta 2001 kan dimokuraɗiyya, amma Bakatsine bai taɓa ɗaukar mutumin Maraɗi a matsayin abokin gaba ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da kai sojoji, malamai suka tafi Yamai, yaƙin bai auku ba.

Haka abin yake a dajinmu. Dattawan Faskari da Sabuwa sun san lokacin da makiyayi ke shigo da garke gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba Bafulatani amanar kiwon sanuwarsa, 'yar Fulani ta shiga har cikin gida da ƙwaryar nono. Gabar yau an tara ta ne sannu a hankali: satar shanu, nome burtali, hukuncin da ke bin mai kuɗi, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni, da ramuwar gayya a kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da hannun mutum ya gina, hannun mutum zai iya rushe shi. Wannan ita ce babbar hujjar masu son sulhu, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Sai dai mazhabar tana da kashi na biyu da ake mantawa. Martha Finnemore da Kathryn Sikkink sun nuna a 1998 cewa ɗabi'a tana zama ƙa'ida idan aka yi ta maimaita ta har aka daina ganin baƙonta. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2016, ya sake a 2019. Bayan nan aka kashe mutane da dama a Kadisau a Yunin 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar shekarar. A 2022 aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina ke nema, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto. Yanzu ga mutane suna zuwa wurin sulhu da bindiga rataye a kafaɗa, ana ba su kujerar gaba. Yaron da ke kallo, na gari ko na ruga, ya fahimci cewa bindiga ce ke sa manya su saurare ka.

Masanan dokar ƙasa da ƙasa Jutta Brunnée da Stephen Toope sun yi bayani a 2010 cewa doka tana kama mutane ne idan sun yarda da ita tare, kuma suna ganin ana aiki da ita a kan kowa. A 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Idan takarda tana faɗin haka, filin taro yana nuna akasinsa, mutuncin dokar ne ke zubewa.

Saboda haka a yi sulhu, amma da sharuɗɗan da za mu so su zama al'adarmu. Kowa ya ajiye makami kafin ya shiga filin taro ko kasuwa, ɗan daji da ɗan sa-kai. A sako waɗanda ake tsare da su ba tare da kuɗin fansa ba, a daina ɗora wa manoma haraji kafin su yi noma ko girbi. A maido wa makiyaya burtali da mashaya. A ba matan da aka kashe wa mazaje, daga ɓangarorin biyu, wurin zama da damar magana, a tattauna diyya. Hakimai da limamai da arɗo-arɗo su riƙa bin diddigin alkawari, wanda ya karya kuma hukuma ta hukunta shi a fili. Zaman lafiyar Ruwan Godiya zai ɗore ne idan girma ya koma ga mai cika alkawari, mai bindiga kuma ya rasa kujerar gaba.