Kunnen da Ke Tsakanin Kaset da Kwamfuta

Masu son tsofaffin waƙoƙi suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani zai rantse cewa kalangun Mamman Shata ya fi cika kunne a kaset, na waya kuwa holoƙo ne. Wani ya ce sabo ne kawai, ai kaset huci yake yi, zare ya sarƙe, murya ta dusashe. Kowannensu da hujjarsa, amma akwai mutum na uku da ba a cika sa shi a zancen ba, alhali hukuncin a hannunsa yake. Shi ne ma'aikacin da ke kwashe sauti da hoto daga tsohon zare ya zuba su a kwamfuta. Gwanintarsa ko sakacinsa muke ji a waya.

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe. Murya takan shiga makirfo ta zama lantarki mai hawa da sauka, hed ɗin rikoda kuma ya buga wannan hawa da sauka a jikin garin da maganaɗisu. Siffar sautin ce da kanta ke kwance a zaren, haka tsarin analog yake. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 faɗin zarensa milimita 3.81 ne, yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Wannan ƙanƙanta da jinkiri su ke ƙara masa huci, kuma duk kwafin da aka ɗauka daga kwafi sai hucin ya ƙaru, kaifin ya ragu.

Tsarin dijital kuwa awo yake yi. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗauke da awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo an rubuta shi da lamba daga cikin matakai 65,536. Claude Shannon ya tabbatar a 1949, bisa aikin Harry Nyquist, cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na mafi tsinin sautin da ake so, za a iya maido da sautin yadda yake. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya wuce kaɗawa kusan 20,000 a daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin ƙara mafi ƙarfi da hucin na'ura ta kai desibel 96 a CD, a kaset kuwa wajen 50 zuwa 60 ce. Lamba kuma ba ta gajiya, kwafi na dubu daidai yake da na farko.

To me ya sa waƙar waya ke fitowa a bushe? Sau da yawa an matse ta ne zuwa ƙaramin MP3 wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyin CD ba. Mafi muni, tun farko an ɗauko ta daga gajiyayyen kwafi a kan rikoda mai datti. Kwamfuta 'yar amana ce, abin da aka ba ta shi take riƙewa, aibi da alheri. Saboda haka duk ingancin da za a samu, a ranar kwashewa ake samunsa.

Gwani ba ya gaggawar kunna kaset. Yakan fara duba shi a haske: ko akwai fumfuna, ko zaren ya tattare, ko ɗan soson da ke danna zare a kan hed ya faɗi. Zai ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kwanson, don kada a danna jan maɓalli bisa kuskure a goge abin da ba shi da na biyu. Idan kwanson ya karkace, sai ya kwance shi ya mayar da zaren cikin sabo. Zaren da ya tsinke da mannin da aka yi don haka ake haɗa shi, domin gam ɗin salatif yakan narke ya ɓata na kusa da shi. Sannan ya goge hed da auduga da sifirit.

Manyan faya-fayan zare na gidajen rediyo da situdiyo, musamman wasu na shekarun 1970 da 1980, suna da ciwo nasu. Gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfe yakan sha raɓar iska ya yi danƙo, har zaren ya riƙa kuka yana zubar da garinsa a kan hed. Maganin zai ba mutum mamaki: gasa shi ake yi. Ana sa faifan a na'urar ɗumi mai zafin kusan digiri 54 na awoyi masu yawa, wani lokaci kwanaki, a bar shi ya huce, a kwashe shi kafin danƙon ya dawo. Amma zafin da ke ceton wannan zai halaka tsohon zaren asitet. Gwani yakan ɗaga faifan ya hango ta gefensa. Idan haske ya ratsa, asitet ne, ba ya kusantar wuta.

Inda kunne ke nuna kansa shi ne saitin hed. Tsagar hed siririya ce ƙwarai, kuma dole ta tsaya daidai da yadda tsagar rikodar da ta yi ɗaukar farko ta tsaya. Karkata ta ƙanƙane ta isa ta cinye duk kaifin sauti. Sai tsirkiyar kuntigin Ɗan Maraya Jos ta koma kamar ana kaɗa ta a ƙuryar ɗaki an rufe ƙofa. Gwani yakan haɗe sautin dama da na hagu wuri guda, ya sa ƙaramin sukurudireba a kan noti, yana murzawa a hankali yana saurare, har ya ji inda sautin ya buɗe. Kowane kaset da saitinsa, kai, kowane gefe ma da nasa. Babu manhajar da ke iya maido da abin da hed bai karanta ba. Idan kuma gudun rikodar farko bai daidaita ba, yakan nemi gunjin wutar lantarki da ya shiga ɗaukar. Tunda wutar Najeriya da Nijar kaɗawa 50 take a daƙiƙa, da ya daidaita gunjin a kan 50, muryar mawaƙi ta koma inda Allah ya ajiye ta.

Hoto ma haka zancen yake, sai dai a nan analog iri-iri ne. Fim ɗin silima mai milimita 35 yana da zurfin da har yau ake ɗauko shi a ma'aunin 4K a ga abin da tsohuwar talabijin ta ɓoye. Kaset ɗin bidiyo na VHS kuwa, wanda finafinan Hausa suka tashi a kansa tun daga Turmin Danya a 1990, kaifinsa bai wuce layi 240 ba, kuma hotonsa yana rawa. Gwani yakan bi da shi ta na'urar da ke daidaita lokacin kowane layi, ya saita bin sawun hed har farin yayyafin ƙasan hoto ya ɓace.

Babbar alamar gwani ita ce sanin inda zai tsaya. Ƙungiyar ma'ajiyun sauti da hoto ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a yi kwafin ajiya da awo 96,000 a daƙiƙa ba tare da an taɓa komai ba, a yi gyara a kan wani kwafi daban. Ɗan koyo kan tura manhajar cire huci har ƙarshe, sai hucin ya tafi da numfashin mawaƙi da amsa-kuwwar fili, amshi ya koma kamar na ƙarfe. Gwani yakan bar ɗan huci don ya tsira da kotson Musa Ɗanƙwairo.

Lokaci kuma ba ya jira. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016, kayan gyaran rikoda suna ƙarewa, masu gyaran suna tsufa. Wanda ke da kwalin kaset a gida, na wa'azi ne, na biki ko na waƙa, ya raba shi da zafi da laima, ya daina gwada shi a kowace rikoda, ya nemi mai wannan sana'a tun zaren yana iya juyawa.