Gidan Edison da Tukunyar Bah Abba

Duk wanda ya yi firamare a cikinmu ya ji labarin Thomas Edison: yaron da malaminsa ya raina, uwarsa ta cire shi daga makaranta ta koyar da shi a gida, ya yi tallar jarida a jirgin ƙasa, daga baya wai ya ba duniya ƙwan lantarki. Gidan da aka haife shi a 1847, a garin Milan na jihar Ohayo a Amurka, yana nan tsaye, kuma tun 1947 iyalinsa suka mayar da shi gidan tarihi, alhali shekara bakwai kacal ya yi a garin. Attajiri Henry Ford ma a 1929 ya sake gina ɗakin gwaje-gwajensa a jihar Mishigan, har ƙasar tsohon wurin sai da ya sa aka ɗebo masa a jirgi.

Abin sha'awa ne, amma labarin da ake ba yara yana da tawaya. Joseph Swan na Ingila ya yi nasa ƙwan a daidai lokacin, kuma Edison yana da tarin ma'aikata da ba a cika ambatarsu ba. An fi jin daɗin labari in an ce mutum ɗaya ne ya yi komai.

To, mu ma muna da namu, kuma irin wannan tawayar ta biyo shi. Marigayi Mohammed Bah Abba, Allah Ya jiƙansa, malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, garin da duk ɗan Azare mai zuwa Kano ta Jama'are ya sani. An haife shi a 1964 a gidan magina tukwane, tun yana yaro hannunsa ke cikin yumɓu. A shekarun 1990 ya fito da tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki. Gautar da ke lalacewa a kwana 3 sai ta kai 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. Tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina ya raba kyauta. A 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta sa tukunyar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara.

Ga inda muke da magana. Masu yabonsa sukan rubuta kamar shi ya gano cewa tukunya tana sanyaya abu. Haba! Wace tsohuwa ce a Azare ko Katagum ba ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi ba? Wannan ilimin gidan magina ne, ya gaje shi. Nasa shi ne rairayin tsakani, da lura da cewa yarinyar da ake tura talla don kada kayan miya su kwana za ta iya zuwa makaranta in kayan za su jira. Sai kuma naci: ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ana bi ƙauyuka da janareta ana haska shi da dare. Wannan ya ishe shi girma, ba sai an share iyayensa daga labarin ba.

Akwai kuma abin da yabon ke ɓoyewa, wanda ya shafe mu kai tsaye mu mazauna zango. Tukunyar da busasshiyar iska take aiki. A bazarar ƙasar Katagum sai son barka, amma da damina ƙarfinta raguwa yake, balle a garuruwan kurmi inda iska ke jiƙe. Kuma tana shan ruwa safe da yamma. Ɗan'uwanmu mai sarin tumatir da ya ji ana kiranta "firjin talaka" ya zuba jarinsa a ciki a wurin da bai dace ba, asara zai tafka.

Wa a cikinmu zai iya nuna wa ɗansa gidan da Bah Abba ya tashi? In har za a adana wani abu da sunansa, ba ma son ɗakin da za a kulle da kwaɗo, a jera kujera da hoto, mai gadi ya tafi kasuwa da mabuɗi. Gidan magina muke so wanda ake aiki a cikinsa, ana kwaɓa yumɓu ana gasawa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana Azare, jami'ar jiha tana Gadau, ga fadamun kogin Jama'are suna fitar da tumatir da tattasai duk rani. Ɗalibai su zauna da magina su auna zafin cikin tukunya a watan Afrilu, su sake aunawa a Agusta, su rubuta mana sakamakon da Hausa. Ƙungiyoyinmu na 'yan asalin Katagum da ke tara kuɗin buhunan shinkafa duk azumi, kuɗin ma'aunin zafi goma da tukwane ashirin ba zai gagare su ba.