Lita Nawa Take Sha? Gwanintar Auna Man Tsohuwar Motar Dizal

Kusan duk mai tsohuwar motar dizal da ka tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Ai wannan ba ta shan mai." Idan ka matsa masa ka ce to lita nawa take sha a kilomita ɗari, sai ya koma ba ka labarin ranar da ya zuba na kaza, ya yi doguwar tafiya ya dawo, allura ko motsi ba ta yi ba. Ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya gani ke nan. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, galibi tsofaffin direbobin haya da mutanen da suka daɗe da mota ɗaya, waɗanda za su ciro maka wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, su nuna maka abin da take sha a kan babbar hanya, da abin da take sha a cikin gari, da watan da ta fara ƙari. Waɗannan mutane suna burge ni ƙwarai, domin abin da suke yi ya fi wuya nesa da yadda ake ɗaukarsa.

Mu ɗauki motar da ta fi kowace suna a wannan fage, Mercedes 240D ta jerin W123, wadda aka fara sayarwa a 1976 aka ci gaba da ƙerawa har tsakiyar shekarun 1980. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.4, ƙarfinsa doki 65 da farko, daga baya aka ɗaga shi zuwa 72. Ba ta da gudu, amma tana da jimiri. Ita ce ta riƙe harkar manyan tasi na ƙasar Maroko shekara da shekaru, tana ɗaukar fasinja shida tsakanin gari da gari. Wata 240D ta jerin da ya gabace ta kuwa, ta wani direban tasi na birnin Tasalonika a Girka mai suna Gregorios Sachinidis, ta yi kilomita miliyan 4.6 kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin Mercedes a 2004. Motar da za ta yi irin wannan nisan kwana, kuɗin man da za ta sha a rayuwarta ya ninka kuɗin sayenta sau da yawa. Shi ya sa rabin lita a kilomita ɗari ba abin rainawa ba ne.

Tsimin da injin dizal yake yi yana da dalilai sanannu. Man kansa ya fi fetur nauyi, lita ɗaya tana kai gram 830 zuwa 840, ta fetur kuwa wajen 750, don haka ƙarfin da ke cikin kowace lita ya fi yawa da kashi goma cikin ɗari ko fiye. Sannan tsofaffin injinan nan suna matse iska sau 21 ko fiye kafin a fesa mai, inda na fetur na zamaninsu suke tsayawa a takwas ko tara, kuma yawan matsi yana ƙara yawan aikin da ake tatsa daga zafin ƙonewa. A tsarin dizal, yawan man da ake fesawa ne yake tsara ƙarfin inji, ba shaƙe iska ba, shi ya sa yake shan kaɗan idan yana tsaye a kunne ko yana tafiya ba nauyi.

Duk wannan a takarda ne. Motar da ta shekara arba'in tana aiki, an sha kwance injinta, an sauya mata taya da famfon mai, ba wanda ya san abin da take sha sai wanda ya auna. Lissafin kamfani ma ba zai fisshe ka ba. A Turai a wancan zamani lamba uku ake bugawa, ɗaya a gudun kilomita 90 a awa, ɗaya a 120, ɗaya ta cikin gari, duk a kan sabuwar mota lafiyayya. Allurar tanki kuwa ba ma'auni ba ce. Wani abu ne mai yawo a saman mai yake motsa ta, tankin kuma ba murabba'i ba ne, sai ta daɗe a sama sannan ta faɗo da sauri.

Hanyar gwanaye a faɗe mai sauƙi ce. A cika tanki har baki, a rubuta lambar mitar kilomita, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa har baki, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar mita. Litar da ta shiga ita ce wadda aka ƙone. Idan ka yi kilomita 300 tanki ya karɓi lita 27, motarka tana shan lita 9 a kilomita ɗari, wato kilomita 11 da ɗan ɗoriya a kowace lita. Yaron firamare zai iya wannan rabawa. Gwanintar tana cikin tabbatar da cewa cikar farko da ta biyu iri ɗaya ce, kuma a nan dizal yake yaudarar mutane.

Dizal yana kumfa. Idan famfo ya watso shi da ƙarfi, kumfar takan hau wuyan tanki ta taɓa bakin tiyo, famfo ya katse alhali da sauran wuri, kamar ƙwaryar madarar da aka tatso yanzu, a ido ta cika, kumfa na kwantawa ka ga saura. Wanda ya san aikin ba ya yarda da katsewar farko. Zai jira minti ɗaya ko biyu, ya ce wa yaron gidan mai ya ƙara a hankali, ya sake jira, har sai ya ga man tsantsa ya tsaya a wani wuri a wuyan tanki da ya riga ya sani, kuma wurin nan ne zai kai shi kowane lokaci. Yakan koma gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, ya tsayar da motar tana fuskantar gefe ɗaya, domin ɗan karkacewar ƙasa yana sauya inda iska take maƙalewa a cikin tanki. Masu layi a bayansa za su yi ta hon, shi kuwa ya san abin da yake nema. Duba misalin ɗazu: idan kumfa ta ɓoye lita biyu, aka rubuta 25 maimakon 27, lissafi zai ce lita 8.3 a kilomita ɗari. Mutum ya tafi yana murna motarsa ta gyaru, tanki na gaba kuma lita biyun nan su faɗo masa, ya shiga zargin bakanike.

Maganin wannan shi ne tsawon lissafi, kuma a nan nake ganin hikimar abin. Kuskuren cikawa ba ya taruwa, domin abin da ya ragu yau gobe zai shiga. Idan ka haɗa tanki goma, a ce kilomita 5,000 da lita 450, cikar farko da ta ƙarshe kaɗai ne suke da tasiri, lita biyun nan kuma ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Har ma ba dole ba ne a cika tanki a tsakani, muddin duk litar da ta shiga an rubuta ta, har da wadda aka zuba daga jarka a kan hanya. Galan ɗin 'yan bumburutu ne yake ɓata wannan tsari, don ba wanda zai rantse maka a kan abin da ke cikinsa.

Akwai wani tarko na lissafi da ko masu boko suke faɗawa. A ce tankin farko ka yi kilomita 600 a babbar hanya da lita 48, wato 12.5 a lita. Na biyu ka yi 200 a cikin gari da lita 25, wato 8 a lita. Wanda ya haɗa 12.5 da 8 ya raba biyu zai sami 10.25. Amma tafiyar gaba ɗaya kilomita 800 ce da lita 73, kusan kilomita 11 a lita. Gwani yakan tara kilomita daban, ya tara lita daban, sai a ƙarshe ya raba.

Sai ɗaya ɓangaren lissafin, wato kilomita, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Mitar mota ba nisa take ƙirgawa ba, juyin taya take ƙirgawa. Idan an sa taya mafi girma fiye da wadda kamfani ya tsara, kamar yadda masu ɗaukar kaya da masu bin hanyar ƙauye suke yi, kowane juyi yana cin ƙasa fiye da yadda mita ta zata, sai ta rubuta ƙasa da abin da aka yi, motar ta zama kamar mai shan mai. Tayar da ta suɗe kuma tana yin akasin haka, tsakanin sabuwa da suɗaɗɗiya ana iya samun bambancin kusan kashi biyu cikin ɗari. A da, da duwatsun alamar kilomita na gefen hanya ake gwadawa, irin waɗanda ake gani a manyan hanyoyin Nijar. Yanzu wayar hannu mai GPS ta wadatar, a kan miƙaƙƙiyar hanya ta kilomita hamsin ko ɗari. Idan mita ta ce 97 inda gaskiya 100 ne, sai a riƙa ƙara kashi uku cikin ɗari a kan duk abin da ta nuna, a kuma sake gwaji duk ranar da aka sauya taya.

Zafi ma yana da ɗan nasa. Dizal yana kumbura da kusan kashi 0.08 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na salshiyas. Tankin W123 mai lita 65, idan aka cika shi maƙil da man da ya fito daga rumbun ƙarƙashin ƙasa aka ajiye motar a rana, zai iya amayar da fiye da rabin lita. Don haka ba a cikawa har baki sai za a kama hanya nan take. Mai karanta lambobin ƙasashen waje kuma ya lura da galan: na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Mil 30 a galan a Amurka kilomita 12.8 ne a lita, a Ingila kuwa 10.6.

Inda littafin nan ya fi amfani shi ne bayan ya yi kauri. Mutumin da ya san lambar motarsa ta asali yana ganin ciwo kafin ya bayyana. Idan lambar ta yi tsalle farat ɗaya, sai ya duƙa ya duba yoyo, musamman ƙananan tiyon da ke tsakanin nozul da nozul masu mayar da rarar mai tanki, waɗanda sukan tsage idan sun tsufa, ko ya taɓa ƙafafun motar bayan tafiya ya ji ko birki yana kamawa. Idan a hankali take hawa wata bayan wata, hankalinsa zai tafi kan nozul da suka daina fesawa da kyau, ko sarƙar taimin da ta miƙe ta jinkirta lokacin fesa mai, ko bawul da suke neman seti. Idan ƙarin ya zo tare da ƙurar hunturu da baƙin hayaƙi a salansa, matacin iska ne ya toshe. Yakan gane gidan man da ake gauraya masa kananzir, wanda ƙarfinsa a lita bai kai na dizal ba, kuma ba ya da santsin da famfo yake buƙata. Yakan kuma gane cewa cire tamostat da ake yi wai don ƙasarmu da zafi yana barin inji cikin sanyi fiye da kima, mai kuma yana tafiya a banza.

Littafin yana nuna masa har halin ƙafarsa. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, daga kilomita 80 zuwa 110 a awa ta kusa ninkawa biyu, 240D mai giya huɗu kuma a wannan gudu injinta yana ta kururuwa. Kayan da aka ɗaure a rufi da tayar da iskarta ta ragu duk suna fitowa a shafi. Saboda haka mai kula yakan ƙara 'yan kalmomi a gefen kowane layi, ya rubuta lodi, ko cikin gari, ko sabuwar taya, don kada ya ɗora wa inji laifin hanya.

Da wannan ne yake yanke shawarar kashe kuɗi. Motar haya mai yin kilomita 40,000 a shekara, idan gyaran nozul zai rage mata rabin lita a kilomita ɗari, lita 200 ke nan a shekara, sai ya ninka da farashin ranar ya ga ko gyaran zai biya kansa. Bayan an gama aikin kuma ba ya yabon bakanike ko kushe shi da tankin farko. Yakan bari ya cika uku ko huɗu, a hanyar da ya saba da lodin da ya saba, sannan ya kwatanta da shafukan baya.