Ɗan Lele Da Kasuwa: Marubuci Tsakanin Littafin Da Ya Fi So Da Dandalin Da Ya Zaɓa

Tambaya ɗaya ba ta cika ɓacewa daga hirar da ake yi da marubutan Hausa ba: a cikin littattafanka wanne ka fi so? Amsar da aka saba ji ita ce duk ɗaya suke, tamkar 'ya'ya a wurin uwa. Sai dai kowa ya san uwa tana da ɗan lele. Nawa ɗan lelen wani gajeren labari ne a kan wata dattijuwa da ke jiran ɗanta da ya tafi cirani. Babu kishiya a cikinsa, babu attajirin saurayi, shi ne kuma mafi ƙarancin masu karatu cikin duk abin da na taɓa sakawa a intanet. Na daɗe ina zargin alƙalamina, kafin na gane cewa rumfar da na kai hajata tana da nata alhakin.

Tun asali, wurin da ake baje adabi yana da hannu a siffarsa. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta nemi labaran da za a karanta a makarantu, shi ya sa Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar suka fito gajeru, masu tsabtar harshe. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, tsadar ɗab'i ta sa aka riƙa raba labari kashi-kashi, kamar yadda aka yi wa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Mai karatu zai sayi na ɗaya, ya dawo neman na biyu. Intanet ta gaji wannan tsari, ta ƙara masa gudu.

A zaurukan WhatsApp, inda kasuwar littattafan ta fi ci a yau, ana sakin shafukan farko kyauta, sannan a nemi kuɗi kafin a shigar da mai karatu zauren da ake ci gaba. Wannan ciniki yana tilasta abubuwa uku. Dole shafukan kyauta su cika da tashin hankali don a saya. Dole kowane kashi ya tsaya a kan gaɓar da za ta hana barci. Dole kuma labari ya yi tsawo, domin wanda ya biya ya ga kuɗinsa. Ga shi marubuciya tana rubutawa ne masu karatu na tsaye a kanta: yau su ce a saki wance, gobe su ce kada a kashe wane. Labarin da ya ginu a kan shiru da jira, irin na dattijuwata, ba shi da wurin numfashi a nan.

Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, ya fi tsari, domin yana ajiye babi bayan babi a wuri guda. Amma shi ma yana liƙa wa kowane labari adadin waɗanda suka karanta da ƙuri'un da ya samu, kuma ido yakan bi babban adadi kafin ya bi ma'ana. Facebook kuwa kogi ne: abin da aka zuba da safe ya yi nisa kafin magariba.

Akwai kuma batun wanzuwa, wanda ya fi komai nauyi. OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka dogara da shi wajen sayar da ayyukansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Rumfar aro ba ta zama gado. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, kuma domin yana nan a takarda, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Wane manazarci ne zai iya tono labarin da ya nutse a zauren da aka goge, bayan shekara ashirin da biyu?

Ba ina cewa a guje wa intanet ba. Ita ce ta ba matar da ke cikin gida damar samun masu karatu da ɗan abin masarufi ba tare da ta roƙi ɗan kasuwar littafi ba, wannan kuwa ba ƙaramin 'yanci ba ne. Abin da nake cewa shi ne zaɓen dandali hukunci ne na adabi, daidai da zaɓen jigo ko salo. Labarin da aka rubuta don ciniki, a kai shi inda ake ciniki. Wanda zuciya ta fi so kuwa, a kammala shi a ɓoye, a tace shi, a adana kwafinsa a hannu, a nema masa takarda ko gasa mai alƙalai irin Hikayata ta BBC Hausa, kafin a miƙa shi ga masu ƙirga ƙuri'a.

Labarin dattijuwata na cire shi daga intanet, ina sake rubuta shi a hankali. Har yanzu ɗanta bai dawo ba, kuma a wannan karon babu mai matsa mini in dawo da shi.