Ganye Baƙo Ne a Tukunyar Shayi

Idan hunturu ya kankama a Kano, Gwaggo ba ta jiran gari ya waye. Da ta idar da sallar Asuba sai ka ji ƙarar ɗan ƙaramin turminta na kayan yaji daga kicin. Takan ɓallo yatsa ɗaya na ɗanyar citta ta daddaka, ta ƙara kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, da masoro ɗan kaɗan, da ɓallin girfa kamar tsawon gaɓar yatsa. Duka ta zuba cikin ruwa ta rufe, ta koma kan sallaya tana lazimi. Sai ƙamshi ya cika tsakar gida, ruwan ya ɗan ja baya a tukunya, sannan ta tashi ta jefa ganyen shayi. Madara ce ƙarshen shiga. Wata rana ina sauri na ce mata, "Gwaggo, a ɗan haɗa mini shayi, zan fita." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗana, ni ba na haɗa shayi. Dafa shi nake yi. In sauri kake, ga fulas can."

Na daɗe ina juya wannan magana tata. A yawancin gidajenmu yau haɗa shayi ake yi: a tsiyayo ruwan zafi daga fulas, a tsoma Lipton sau biyu a cire, a zuba madarar gari da sukari, mai hali ya ƙara Milo ko Bournvita. Wannan abin sha ne, kuma yana tafiya da burodi. Amma shayin madara mai kayan ƙamshi girki ne, yana da farko yana da ƙarshe, kuma a cikinsa ganyen shayi ba shi ne mai gida ba. Kayan ƙamshin ne suka riga shi zuwa, a tukunya da kuma a tarihi.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne Indiya, ƙasar da shayinta mai suna masala chai ya zagaye duniya. Mutane da yawa suna ɗauka tun fil azal Indiyawa ke shan sa, alhali kuwa bai daɗe ba. Abin da suka gada shi ne dafa citta da barkono baƙi da girfa da ganyaye su sha don mura da sanyin jiki, suna kiransa kadha. Ganyen shayi kuwa, ko da yake yana tsirowa a dazukan Assam kuma ƙabilar Singpho na amfani da shi, bai zama kayan kasuwa ba sai bayan da wani Bature ɗan Sikotland, Robert Bruce, ya sami labarinsa a 1823. A 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. Shekaru da dama bayan haka ana noma shi ne don Turawan Ingila, talakan Indiya yana tsinkar ganye a gona ba ya sha.

Sai a farkon ƙarni na 20 masu gonakin suka juyo kan kasuwar cikin gida. A 1903 aka kafa dokar karɓar wani ɗan haraji a kan shayin da ake fitarwa, kuɗin kuma aka zuba wajen talla. Aka riƙa kai shayi tashoshin jirgin ƙasa da masaƙu da wuraren haƙar ma'adinai, ana koya wa mutane yadda Bature ke yin nasa: a jiƙa ganye a ruwan zafi, a ɗiga 'yar madara. Masu sayarwa a bakin hanya suka karɓa, amma ba su bi karatun ba. Ganye na da tsada, saboda haka suka rage shi, suka cika madara da sukari, suka jawo kayan ƙamshin da suka saba da su, suka tafasa duka a tukunya ɗaya. Masu gonakin ba su ji daɗin haka ba, don su ganye suke son a saya. Ni wannan ne ya fi burge ni a labarin. An kawo wa talaka baƙon abu da dokokinsa, shi kuma ya sauke shi a tsohuwar tukunyarsa, ya ba shi wurin da ya ga ya dace da shi.

Abubuwa biyu suka ƙarasa aikin. Wajen 1930 William McKercher ya ƙera injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga shi ya dunƙule shi ƙanana kamar ƙwayar gero, wanda ake kira CTC. Irin wannan ganye yana da araha, yana sakin launi da ƙarfi nan da nan, kuma yana jure tafasa cikin madara, abin da lallausan ganyen Darjeeling ba zai iya ba. Daga shekarun 1960 ya cika kasuwannin Indiya. Sannan a 1970 aka fara babban shirin bunƙasa madara ƙarƙashin Verghese Kurien, wanda ya ginu a kan ƙungiyar makiyaya ta Amul da ke Anand a jihar Gujarat. Kaso mai yawa na madararsu ta ɓauna ce, mai maiƙon da ya kusa ninka na saniya. Wanda ya sha shayi a can ya dawo yana mamakin me ya sa nasa na gida bai yi kauri haka ba, to ga dalili ɗaya.

Yanzu mu leƙa cikin tukunyar, domin jerin da Gwaggo ke bi ba al'ada ce kawai ba. Ranar da na fara gwada dafawa da kaina, bayan na koma gidana, na ɗora madarar shanu a wuta na zuba dakakkiyar ɗanyar citta tun madarar tana da ɗumi. Kafin ta tafasa ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji, ruwa gefe guda. Na zargi mai nonon da ta kawo mini, ashe ba ta da laifi. Ɗanyar citta na ɗauke da wani sinadari da ke daskarar da madara idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, kuma tafasa ce ke kashe shi. A lardin Guangdong na ƙasar Sin da gangan suke amfani da wannan hali su yi wani abin zaƙi na daskararriyar madara. Shi ya sa citta take fara shiga ruwa, ta tafasa sosai, kafin madara ta biyo. Girfa da kanumfari da masoro kuwa busassu ne masu tauri, ba sa sakin abin da ke cikinsu a minti ɗaya, suna bukatar minti biyar zuwa goma a wuta. Ganyen shayi akasin haka ne: in ya daɗe yana tafasa a ruwa sai bauri ya fito ya rufe komai. Minti biyu sun ishe shi. Da madara ta shiga, sai ta ɗaure wannan baurin ta tausasa shi, maiƙonta kuma ya riƙe man ƙamshin da zai gudu cikin tururi. Nan ne ake tsayawa a kan tukunya, a bar ta ta taso a rage wuta, ta kwanta, ta sake tasowa, sau biyu ko uku, har launin ya koma kamar na jan yumɓu. Don kofi biyu, Gwaggo kan sa ruwa kofi ɗaya da rabi, madara kofi ɗaya, ganye ƙaramin cokali biyu. Abin da ya ragu a wuta shi ne kaurin.

A Indiya ma babu wani ma'auni guda da aka tsayar. Wani gida citta da hel kawai suke sawa, wannan koren ɗan ƙwanson da suke kira elaichi. Wani gida sai an ji zafin barkono baƙi a maƙogwaro. A Kashmir akwai shayin madara mai launin ruwan hoda da ake sa wa gishiri. Kowace uwa da hannunta, 'yarta kuma takan tafi da shi gidan miji.

To mu fa? Kalmar shayi daga Larabci muka karɓe ta, ganyen kuma baƙo ne a wurinmu kamar yadda ya kasance ga talakan Indiya, duk da cewa yanzu ana noma shi a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Amma citta da kanumfari da masoro da kimba sun daɗe a ɗakin matan Hausawa. Su ne a fura, su ne a kunu, su ne a yajin mai jego. Cittar Kaciya da Kwoi ta kudancin Kaduna har ƙasashen waje ake kai ta, kuma wanda ya ratsa layin 'yan koli a kasuwar Kurmi ya san hancinsa ba ya bukatar jagora. Saboda haka da ganye ya iso, akwai tukunyar da ke jiran sa. Alhazai sun ɗanɗana shayin Adan na mutanen Yaman a Makka da Jidda, 'yan uwanmu na Sudan sun san shayin madara mai girfa da hel da mata ke sayarwa a titunan Khartoum, duk waɗannan sun shigo sun ƙara mana. Amma kimba tamu ce, Indiyawa ba su sa ta. Ɓallin kimba ɗaya da aka ɗan fasa yana ba shayi wani ƙamshi mai hayaƙi-hayaƙi da ba na samu a kofin kowace ƙasa. Shayin Nijar daban ne, koren ganye ne ba madara, shi ma da nasa sharuɗɗan.

Abin da ke damuna shi ne garin kayan shayi da ake ƙullawa a leda ko a roba ana sayarwa. Ban ƙi sauƙin da ya kawo wa mace mai aiki ba. Amma kayan ƙamshi da an niƙa su suka fara mutuwa, bayan wata biyu ko uku sai zafi ya rage babu ƙamshi. Sannan hannu ɗaya ne ya auna wa gidaje dubu, har shayin wannan gida da na wancan ba su da bambanci. Sau da yawa kanumfari ya yi yawa a ciki, shi kuwa ba ya zama da abokin tarayya, in ya wuce ƙima harshe ma sai ya yi sanyi kamar an shafa maganin haƙori. Ga kuma masu tallar da ke jingina wa garin maganin kowace cuta. Citta na taimaka wa tashin zuciya, shayi mai zafi na sanyaya wa mai mura rai, wannan gaskiya ne. Amma kofin da aka zuba wa sukari cokali huɗu ba magani ba ne, kuma ganyen shayi na rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini gara su ba da tazara tsakaninsa da cin abinci.

Da na ba Gwaggo labarin madarar da ta tsinke mini, da bayanin sinadarin da na karanta, ta saurara har na gama. Ta ce ita ba ta san sunansa ba, amma tun tana yarinya uwarta ta hana ta haɗa ɗanyar citta da madara sai cittar ta ga wuta. Ta tace shayin da rariya, ta kwashe ganyen ta zubar, ta tsince cittar da girfar ta mayar cikin tukunya ta rufe. Ta ce da sauran ƙarfinsu, za su yi na Magariba.